Hajiya Batula, Wadda Ta Haɗa Littafin Da Gado Ya Raba

Duk wanda ya saba bin hanyar kwalejin nan ta Dutsin-Ma da sassafe ya san Hajiya Batula, ko da bai san sunanta ba. Ita ce dattijuwar nan mai farin tabarau da ke sauka daga mashin ɗin haya rungume da baƙar jaka, tana gaida maigadi da masu shara ɗaya bayan ɗaya. Ita ke buɗe laburare. In ta shiga ba ta zama, sai ta buɗe tagogi, ta bi kantocin littattafai layi-layi tana leƙa ƙarƙashinsu ko gara ta yi gini. Daga nan ta kunna kwamfuta ta duba ko hotunan da ta tura jiya sun isa inda ta aike su. Sai ta ga sun isa sannan take zuba shayinta, kuma a baranda take shansa, don ko ita ba ta yarda ta shiga da abin sha inda littafi yake ba.

Ɗalibai na tsoronta, kuma suna da hujja. Tana jin ƙamshin ƙuli-ƙuli a jakar yaro tun daga bakin ƙofa. Wanda ya lanƙwasa kunnen shafi don ya gane inda ya tsaya, ranar zai ji tarihin yadda ake yin takarda tun daga itace. Amma waɗannan ɗaliban dai su ne ke komawa wurinta in aikin kammala karatu ya cije, ta zaunar da su ta tambayi abin da suke nema, ta miƙe ta ɗauko musu shi kamar ita ta ajiye shi jiya. A ƙarshen shekarar nan za ta yi ritaya. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani game da ita tun tana iya karantawa, ta yi mini faɗa in na yi ƙari.

Ba da digiri ta shiga aikin ba. Da takardar sakandare aka ɗauke ta, tana buga hatimi tana mayar da littattafai kanta. Abokan aikinta na lokacin sun ce a nan ta fara tambayar da ta dame su da ita: me ya sa wannan littafin yake nan, ba can ba? Neman amsar ya kai ta yin difloma a ilimin kula da laburare, da goyo a bayanta. Digiri kuwa sai da yaranta suka tasa ta yi shi, a karatun hutu, tana zama aji ɗaya da sa'o'in 'yarta ta fari. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, tsararrakinta da yawa suka ce su kam sun tsufa, a bar wa yara. Ita ta sayi tabarau ta zauna ta koya.

Ta sha wuya kafin ta gane kan abin. Aikinta na farko shi ne ɗaukar hoton tsofaffin takardun laburaren, ta tara su a kwamfutar ofis guda ɗaya. Wata damina tsawa ta faɗi kusa da ginin, kwamfutar ta ƙone da duk abin da ke cikinta. Malam Jibril, wanda suke ofis ɗaya, shi ya ba ni labarin. Ya ce abin da ta faɗa masa shi ne, "Jibril, ashe hatsin shekara na zuba a rumbu ɗaya." Daga nan ta shiga neman ilimin ajiya a rumbun intanet, wanda masu sana'ar ke kira gajimare. Ma'anarsa dai ka ajiye kwafin abinka a manyan kwamfutoci da ke wurare daban-daban masu nisa, in ɗaya ta lalace saura na nan, kuma ka iya buɗe shi daga ko'ina in kana da izini. Ta koyi cewa ajiyewar ma ita ce mai sauƙi. Aikin yana wurin raɗa wa kowane hoto suna, da rubuta bayaninsa, na wane ne, daga ina ya fito, wa aka yarda ya gani, don wanda zai zo nema bayan ba ka nan ya same shi.

Ni ba a laburare na san ta ba, a kan rigimar gidanmu na san ta. Sunana Mamuda, malamin firamare ne ni a Kurfi, kuma jikan marigayi Malam Sabitu. Kakan namu ya bar littafi guda da ya rubuta da hannunsa da ajami, doguwar waƙar wa'azi ce da ya gina a kan aikin gona, daga sharar daji har zuwa kai amfani rumbu. Irin littattafan nan na da ba a ɗinke su, falle-falle ne a cikin bangon fata, a zura a gafaka. Da ya rasu aka zo rabon gado, 'ya'yansa maza huɗu kowa ya ce shi zai riƙe. Da aka rasa mai haƙura, sai wani dattijo ya sa hannu ya kasa takardun kashi huɗu kamar ana rabon goro, wai kowa ya sami albarka. Kashi ɗaya ya zauna a Kurfi, sauran suka bi masu su zuwa Kuki da Dabawa da Shema. 'Yarsa mace guda, wadda duk muke kira Gogo, aka ce me mace za ta yi da takarda, aka ba ta awaki a madadin rabonta.

Albarkar dai ba mu gan ta yadda aka zata ba. Iyayenmu suka rasu, takardu suka gangaro hannun jikoki, kowane gida na zargin ɗaya da ɓoye kashi mafi tsoka. Ana haɗuwa a suna da jana'iza, a gaisa sama-sama a watse. Ba wanda ya taɓa karanta waƙar daga farko zuwa ƙarshe tun ranar rabon.

Gogo ce kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Malam. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Tana yarinya ita ke kai wa mahaifinta ruwa a zaure, tana jin yana rera waƙar har ta hardace ta, amma shekaru sun cinye mata mafi yawa. Kullum na je gaishe ta sai ta rera farkon, ta kai wani wuri ta tsaya, ta yi ta juya baki. Wata rana ta ce mini, "Mamuda, ni kau ba ni son komi wurinku. Ku haɗa mani waƙar Malam in ji ta sau guda kafin in bi shi. Halan wannan ma ya fi ƙarfinku?" Na ji kunya, na ji haushin kaina da na 'yan'uwana, don na san ya fi ƙarfinmu. Ba mai ba wani aron falle ɗaya.

Wani abokina ne ya ce in je wurin Hajiya Batula, ya ji tana bin gidajen malamai tana ɗaukar hoton tsofaffin takardu ba ta karɓar komai. Na je na zayyana mata. Tambayarta ta farko ita ce, "Gogon shekarunta nawa?" Da na kwatanta mata sai ta rufe abin da take yi ta ce, "To, Malam Mamuda, Asabar ɗin nan za mu fara."

Yadda take aiki shi ya buɗe mata ƙofofin da ni ɗan gida aka rufe mini. Ba ta fita da falle ko ɗaya daga gidan mai shi. Za ta yi alwala a gabansa, ta shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tabarma a inuwa, ta kafa kyamara a kan 'yar ƙafarta tana kallon ƙasa. Mai takarda shi zai riƙa miƙo mata ɗaya-ɗaya, ta ɗauki gaba da baya, ta mayar masa a hannu. In ta gama sai ta ce ya ƙirga kayansa. A Kuki, ɗan'uwanmu Ilu ya ƙirga har sau biyu, ita kuwa tana zaune tana jiransa ba ta ko ɗaga gira ba. A Dabawa mun tarar ɗigon ɗaki ya manne wasu takardun, ta ƙi yarda a ɓamɓare da hannu, ta yi rabin yini tana raba su da siririn tsinke. A Shema yara sun taɓa zubar da gafakar, an tattara an mayar yadda aka ga dama, farko ya koma tsakiya.

Wannan hargitsin bai tayar mata da hankali ba. Ta nuna mini abin da na yi shekaru ina gani ban lura ba: a ƙasan kowane falle, can gefe, akwai kalma ɗaya tilo. Marubutan da ba sa sa lambar shafi, sai su rubuta kalmar da falle na gaba zai fara da ita. Da wannan ta bi hotunan a kwamfuta tana ɗaura kowane falle da mai bi masa, na Kuki ya kama na Shema, na Shema ya kama na Dabawa. Da aka jera sai ta bayyana cewa ƙarshen waƙar duk yana kashin Kurfi, a hannun babban yayanmu Malam Ashafa. Shi kuwa ya ce atafau.

Kada a ɗauka jahilci ne ya hana shi. Malam Ashafa ya fi mu karatu nesa ba kusa ba, shi ke jan sallah a unguwarsu, kuma dalilansa ba na banza ba ne. Ina zaune a zaurensa ya ce mata, "Hajiya, takardun ga cike suke da sunan Allah. Ki sa su cikin waya, yaro ya tura ta aljihu ya shiga bayi da ita. Wa za ya ɗauki alhakin? Sannan akwai addu'o'in gida a ciki, waɗanda Malam bai ba kowa ba sai ɗiyanshi. Ke kau kin ce duniya duka za ta gani."

Na buɗe baki zan yi gardama, ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Allah gafarta Malam, maganarka gaskiya ce. Ta farkon ba ni da amsarta, ku ne malamai, ku za ku faɗa mamu hukuncin. Ta biyun kau ina da ita. Rumbun nan ɗaki-ɗaki ne, kowane da makullinshi. Abin da ka ce a buɗe, a buɗe. Abin da ka ce na gida ne, ba mai ganinshi sai wanda ka ambata da bakinka. Wanda ka ce kada a ɗauka ma sam, ba ni ɗauka."

Ya ce zai yi tunani. Tunanin nan ya ci damina guda da rani. Ni na fusata na daina zuwa gidansa, na ce girman kai ne kawai. Ita ba ta daina ba. Duk sanda aiki ya kawo ta Kurfi sai ta biya ta gaishe shi, ba ta tayar da maganar. Ta gyara masa bangon wani tsohon littafinsa na fiƙihu da ya yage, ta koya wa matarsa sa ganyen darbejiya busasshe a akwatin takardu saboda ƙwari. Na ce mata, "Hajiya, lokaci fa shina tafiya, Gogo ta fara kwanciya." Ta ce, "Na sani. Amma in na matsa mashi ya ce a'a ta biyu, an gama. Bar shi ya iso da ƙafarshi."

Hajiya Batula, ke ce mai haƙurin da ni ba ni da shi. Ke ce kika gane cewa mutumin da ya ƙi ba ka amanarsa yau ba maƙiyinka ba ne, yana auna ka ne. A ranar ban yarda da ke ba, yau na yarda.

Da ya aiko a kira ta, mun tarar ya ware takardun gida biyu: na waƙa a dama, na addu'o'i a hagu ya ɗora musu carbi. Ya ce ya bincika, ya kuma tambayi na gaba da shi, ya gamsu cewa rubutun da ke cikin waya a rufe ba ɗaya yake da takarda a hannu ba. Ta ɗauki hoton na dama, ba ta ko kalli na hagu ba. Da ta zo falle na ƙarshe ta duba ƙasansa, sai ta ɗago ta ce, "Malam, akwai saura. Ga kalma nan tana kiran na gaba." Sai ya ce shekarun baya gara ta shiga gafakar ta ƙasa, ta cinye fallayen ƙarshe har ba a iya karanta su. Ya yi abin da aka koya mana a yi da takarda mai sunan Allah in ta lalace, don kada a taka: ya ƙone su ya binne tokar. Abin da ya hana shi buɗe gafakar a gaban kowa ke nan tsawon shekarun nan. Ba ta ce masa komai ba sai, "Allah ya ba da ladan niyya." A cikin bayanin littafin ta rubuta cewa ƙarshensa ya ɓata, ba ta rubuta ta hannun wa ba.

Ta buga kwafi a takarda ta ba kowane gida cikakken abin da aka samu. Muka sa rana muka taru a ɗakin Gogo da hantsi, mu jikoki daga garuruwan huɗu, wasu rabona da zama tabarma ɗaya da su tun ina saurayi. Hajiya ta nemi izini ta ajiye 'yar na'urar naɗar murya kusa da gadon, ta ce karatun ma abin ajiyewa ne. Malam Ashafa ne ya karanta, don duk cikinmu ba mai muryarsa. Gogo na kwance tana bin sa da leɓe, wani wurin ta riga shi, wani wurin ta gyara masa kari. Aka wuce shara, aka wuce shuka da noma, aka zo girbi, har ya kai baitin ƙarshe da ya rage:

In damina ta yi maka sallama, ɗan'uwa,
Abin da ka shuka shi ka raka ka kushewa.

Ya tsaya. Gogo ta ce, "Ci gaba mana, Ashafa." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gogo, nan ta ƙare. Sauran ya salwanta a hannuna." Ni kuwa zuciyata ta karye, don na ga mun kawo ta bakin ƙofa mun tsaya. Sai Hajiya Batula ta matsa kusa da kunnenta ta ce, "Gogo, a ƙasan takardar Malam ya rubuta abin da ke biye. Ya ce: Na roƙi."

Tsohuwar nan ta maimaita kalmar a hankali, ta sake maimaitawa. Sai ta ce a tayar da ita zaune, ta ɗauka da wata murya siririya da ban san tana da ita ba:

Na roƙi Sarkin da bai barci, bai gazawa,
Ya riƙe ɗiyana, ya tsare su da rarrabuwa.

Ta ci gaba, baiti na bin baiti, har ta kai salatin rufewa ta shafa. Ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Malam Ashafa ya rufe fuska da hannun riga yana kuka, ni ma na yi, ba na ɓoyewa. Gogo ta koma ta kwanta, ta juya wajen Hajiya ta ce, "To, alhamdu lillahi. Ɗiyata, Allah shi yi maki albarka." Bayan Babbar Sallah ta rasu.

Ba zan ce gidanmu ya koma tsintsiya ɗaya ba, ƙarya ba kyau. Amma yanzu Ilu na kwana gidan Malam Ashafa in ya zo Kurfi, kuma jikokin da ke karatu a nesa suna buɗe waƙar a wayoyinsu. Mu kuma gida ɗaya ne cikin gidaje da yawa da ta shiga. Malam Jibril ya ce akwai takardun wani gida da mutanensa suka taso daga ƙauye babu shiri, ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu, yau hoton da ta ɗauka shi kaɗai ya rage musu. Ta horar da matasan ma'aikata biyu, ta damƙa musu makullan rumbun a rubuce a gaban shugabanninta, don ta ce rumbun da mutum ɗaya ya san hanyarsa kabari ne.

Hajiya Batula, uwar takardu, mun gode. Ba a taɓa kiranki kan dandamali an ba ki lambar yabo ba, ke ma ba ki nema ba. Allah ya sa hutun nan ya zame miki hutu, ko da yake na san ba za ki zauna ba. Ku kuma matasa masu ganin karatun laburare na wanda ya rasa gurbi ne, ku je ku ga aikinta kafin ku yanke hukunci, ana neman masu gadonta. Masu gafaka a rataye, ku sauke ku duba ƙasanta yau, ku kira masu wannan sana'a su ɗauka a gabanku. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke fara waƙa ta tsaya, kada ku ce sai an huce.

Bayan addu'ar bakwai ɗin Gogo na buɗe littafin a wayata. Kashi huɗu na hotuna, kowane da sunan mai riƙe da shi. A ƙasansu Hajiya ta ƙara kashi na biyar, na murya. Ashe ranar karatun nan, bayan mun fita, ta tsaya ta tambayi tsohuwar sunanta na yanka, wanda mu jikoki kunya ba ta taɓa barin mu tambaya ba har muka yi furfura. A nan na fara ganinsa, a layi ɗaya da na mazan gidan: Halimatu Sa'adiya, 'yar Malam Sabitu, mai riƙe da ƙarshen littafi.